Yadda Ake Tantance Shafin Intanet na Gidan Talabijin na Jama'a

Yawancin wanda aka ba aikin duba shafin intanet na gidan talabijin, abin da yake fara yi shi ne ya buɗe shafin farko a babbar kwamfutar ofis, inda sabis ke gudu kamar ruwa, ya ƙura wa launuka da hotuna ido, ya ce nan ya yi, can bai yi ba. Da yamma ya rubuta shafi biyu ya miƙa. Irin wannan dubawa ba ta gano komai sai ɗanɗanon mai dubawar, kuma sau da yawa shafin da ya burge shi kyan ɗan maciji ne.

Gidan talabijin na jama'a ya sha bamban da na 'yan kasuwa ta fuska ɗaya mai nauyi. BBC a Birtaniya da kuɗin lasisin talabijin take rayuwa, NHK a Japan da kuɗin da masu talabijin ke biya, ARD da ZDF a Jamus da kuɗin da aka ɗora wa kowane gida, tashoshin PBS a Amurka kuma gudummawar masu kallo na cikin abin da ke riƙe su. Tashar ɗan kasuwa tana iya zaɓen waɗanda take so su kalle ta, ta yi watsi da saura. Wadda jama'a ke ciyarwa ba ta da wannan dama. Saboda haka ma'aunin da za ka riƙe tun daga farko har ƙarshe shi ne mutumin da ya fi kowa shan wahala kafin ya kai ga shirin: mai tsohuwar waya, mai raunin gani, kurma, tsoho mai rawar hannu, yaron da bai iya karatu ba tukuna. Idan waɗannan sun wuce, kowa ma ya wuce.

Mataki na farko: rubuta abin da ke kawo mutane

Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki takarda da biro. Ba wanda ke shiga shafin gidan talabijin don yawon buɗe ido. Buƙata ce ke kawo shi, kuma galibi gajera ce. Wani yana so ya kalli abin da ake nunawa yanzu-yanzu. Wani yana tambayar ƙarfe nawa za a sa shiri kaza. Wani labaran daren jiya ne suka wuce shi. Uwa tana neman abin da za ta kunna wa ɗan shekara biyar ta samu ta yi aikinta. Malamin makaranta yana neman wani tsohon shirin tarihi da zai nuna wa ɗalibai. Wani kuma ransa ne ya ɓaci da abin da aka faɗa a wani shiri, yana neman inda zai kai ƙorafi.

Ayyuka shida zuwa takwas sun wadatar. Ka rubuta kowanne da bakin mai kallo, kada ka ari sunayen da shafin ya laƙaba wa sassansa. Ka ce, "Nemo labaran daren jiya ka kalli minti biyu na farko." Idan ka ce "shiga Taskar Shirye-shirye", ka riga ka ba da amsa a cikin tambaya.

In kana da hanya a cikin gidan, ka roƙi abu biyu. Na ɗaya, jerin kalmomin da mutane ke rubutawa a akwatin bincike, musamman waɗanda ba su fitar da komai ba. Na biyu, zama na rabin awa da masu amsa waya da saƙonnin masu kallo. Su ne ke jin kukan mutane kullum, kuma da wuya a tambaye su.

Mataki na biyu: kayan gwaji

Waya mai arha wadda ta kwana biyu, kwamfuta, da talabijin mai intanet idan gidan na da manhaja a kanta. Ka kashe Wi-Fi ka koma kan data. A burauzar Chrome akwai kayan aikin masu gina shafi da za su ba ka damar rage gudun intanet da gangan, ka ga shafin yadda mai raunin sabis ke ganinsa. Ka riƙa buɗe shafin a tagar sirri ta burauza, don ka shigo a matsayin baƙon da shafin bai taɓa gani ba. Duk abin da ka gani, ka rubuta rana da lokaci da na'ura da burauza, ka ɗauki hoton allo. Shafin talabijin yana canza fuska sau da yawa a yini, abin da ka gani da safe ƙila da rana ba ya nan.

Kada ka bari ma'aikatan gidan su zama masu yi maka gwaji. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wanda ya daɗe a ɗakin har ya iya kauce wa ɗigon a cikin duhu, ya manta ma yana zuba.

Mataki na uku: bi ayyukan da kanka

Fara da shafin farko. Ka nuna wa wani na daƙiƙa biyar, ka rufe, ka tambaye shi: shafin wa ne, kuma ina zai latsa in yana son kallon kai tsaye? Idan ya yi shiru a tambaya ta biyu, ka samu abin rubutawa na farko. Maɓallin kallon kai tsaye ya kamata ya bayyana a fuskar waya ba tare da an ja ƙasa ba. Ka kuma lura da babban hoton nan mai juyawa da kansa, wanda ke sauya shiri kafin mutum ya gama karanta sunan na farko. Yawanci irin wannan sulhu ne tsakanin shugabannin sassa da kowa ke son shirinsa a sama, mai kallo ba shi da rabo a ciki.

A 1994 Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da kwamfuta da shafukan intanet, ya fitar da ƙa'idoji goma na duba sauƙin amfani, waɗanda har yau ake aiki da su. A shafin talabijin uku daga ciki sun fi yawan kama laifi. Shin shafin yana gaya wa mutum abin da ke faruwa, ko kuwa allo ne baƙi ba bayani? Shin da harshen mai kallo yake magana ko da na ofis? In kuskure ya auku, yana nuna mafita? Ta biyun nan ka duba ta a jerin sassan da ke saman shafi. Idan ka ga "Sashen Al'amuran Yau da Kullum" da "Sashen Shirye-shirye na Musamman", to tsarin ofisoshin gidan aka kwafo aka liƙa, alhali mai kallo "labarai", "wasanni", "yara" da "wasan kwaikwayo" ya sani.

Sai jadawalin shirye-shirye, wanda yake daga cikin shafukan da aka fi buɗewa kuma aka fi sakaci da su. Da ka buɗe, ya kamata ya sauke ka a kan sa'ar da ake ciki, abin da ake nunawa yanzu ya fita daban. Duba ko ya faɗi agogon wace ƙasa ko wane yanki yake bi. Duba inda aka ajiye shirin ƙarfe ɗaya na dare, domin gidaje da yawa suna fara lissafin yini daga ƙarfe shida na safe, sai shirin da za a nuna da asubahin Talata ya ɓuya a ƙarƙashin Litinin. Sannan ka latsa sunan shirin da aka riga aka nuna. In bai kai ka ga bidiyonsa ba, an yanke hanya mafi sauƙi da mutum ke bi. A tsari irin na PBS, mai tashoshi mambobi sama da 300 kowacce da jadawalinta, akwai ƙarin tambaya: shafin ya canki tashar yankinka daidai, kuma in ya yi kuskure, a ina ake gyarawa?

Akwatin bincike kuwa ka zalunce shi da gangan. Rubuta sunan shiri da kuskuren harafi ɗaya. Rubuta rabin suna. Rubuta sunan mai gabatarwa maimakon na shirin, domin mutane da yawa fuska suke riƙewa. Rubuta batun kawai, kamar "ambaliya" ko "zaɓe". Idan harshen shafin yana da haruffa na musamman, irin ƙ da ɗ da ɓ na Hausa ko é na Faransanci, ka rubuta kalmar ba tare da su ba ka gani ko za ta fito, tunda ba kowace waya ke da su a kusa ba. Sai ka kalli sakamakon: akwai kwanan wata a jikin kowanne? An raba cikakken shiri da ɗan guntun talla na daƙiƙa talatin? In ba a samu komai ba, shafin yana ba da wata shawara ko kuwa ya juya maka baya?

Mataki na huɗu: tagar bidiyo

A nan za ka fi daɗewa, domin duk sauran shafin hanya ce kawai zuwa nan.

Ƙirga sau nawa ka latsa daga shafin farko har hoto ya fara motsi, ka kuma riƙe agogo daga latsawar ƙarshe zuwa fitowar hoton. Nielsen ya daɗe yana nanata iyakoki uku na haƙurin ɗan Adam a gaban na'ura: kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, mutum yana jin abin nan take ne, daƙiƙa ɗaya, tunaninsa bai katse ba, daƙiƙa goma, hankalinsa ya fara tafiya wani wuri. Idan bidiyo zai wuce daƙiƙa biyu ko uku bai tashi ba, dole a ga wata alama da ke nuna ana kan hanya.

Yanzu ka rage gudun intanet ana tsakiyar kallo. Yawancin gidaje suna amfani da fasahar HLS ko DASH, inda ake yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a ajiye ta a mataki daban-daban na kyawun hoto. In an saita abin da kyau, hoton zai ɗan dushe amma shirin ya ci gaba. In ba a saita ba, sai da'irar nan ta yi ta juyi. Kashe sabis ɗin gaba ɗaya na rabin minti, ka maido. Ya ɗora daga inda ya tsaya, ko ya mayar da kai farko, ko sai ka sake lodin shafin?

Nemi inda ake zaɓen kyawun hoto da hannu. Wannan ba ado ba ne, lissafi ne. Bidiyon da ke cin megabit ɗaya a daƙiƙa yana lashe kusan megabait 450 a awa ɗaya, mai cin megabit uku kuma ya kai gigabait 1.35. Wanda ke auna datarsa yana da haƙƙin ya ce ya yarda da hoto mai ɗan hazo, muddin zai ji labarai har ƙarshe. A ganina gidan jama'a da ya hana wannan zaɓi ya kori wani kaso na masu shi ba tare da ya sani ba.

Sauran abubuwan dubawa suna da yawa amma ba su da wuya. Juya wayar a kwance ka gani ko hoton ya cika allo. Ja shirin gaba da baya da yatsa, ka ga ko za ka iya tsayawa inda kake so a shiri mai tsawon awa ɗaya. Fita ka dawo gobe, ka ga ko ya tuna inda ka tsaya. A kallon kai tsaye, duba ko ana iya komawa farkon shirin da ka tarar a tsakiya. A shiri mai dogon zango, duba ko kashi na ɗaya yana da sauƙin samu, ko kuwa sabon kashi ne kullum a sama, na farkon yana can ƙasa bayan ja ashirin.

Sai maganar wa'adi. Gidajen talabijin ba su mallaki duk abin da suke nunawa ba, kuma doka ko yarjejeniya kan sa su sauke shiri bayan wani lokaci. Da BBC ta buɗe iPlayer, dandalinta na kallon shirye-shirye a intanet, a ƙarshen 2007, kwana bakwai shiri ke yi ya ɓace. A 2014 aka mayar da shi kwana 30, a 2019 kuma hukumar Ofcom, mai sa ido kan kafofin watsa labarai a Birtaniya, ta amince ya kai shekara guda. Ba aikinka ba ne ka yi jayayya da wa'adin. Aikinka ka duba ko an gaya wa mai kallo: an rubuta ranar da shirin zai sauka a inda ido zai gani? In ya sauka, tsohon mahaɗinsa yana kai mutum shafin da ke bayani, ko shafin "ba a samu ba"? Haka ma shirin da aka toshe wa 'yan wata ƙasa. A faɗa tun kafin a latsa. Mafi munin abin da na taɓa gani a wani shafi shi ne a bar mutum ya yi rajista, ya kalli talla har ƙarshe, sannan a ce masa ba a nuna wannan shiri a inda yake.

Mataki na biyar: auna sauri da lambobi

Wannan ba ya cin lokaci. Saka adireshin shafin a PageSpeed Insights na Google, ka zaɓi sakamakon waya. Lambobi uku za ka ɗauka. LCP yana auna lokacin da abu mafi girma a allo ke ɗauka kafin ya bayyana, ana so kada ya wuce daƙiƙa 2.5. INP, wanda ya maye gurbin tsohon ma'auni a watan Maris na 2024, yana auna jinkirin amsawa bayan an latsa, ana so kada ya wuce milisakan 200. CLS yana auna yadda abubuwa ke zamewa daga wurinsu ana cikin lodi, ana so kada ya wuce 0.1. Na ukun nan kowa ya taɓa ɗanɗanarsa: ka kai yatsa kan maɓallin kunnawa, wani allon sanarwa ya faɗo daga sama ya tura komai ƙasa, ka tsinci kanka a wani shafi daban.

Kada ka tsaya a shafin farko. Auna jadawali, shafin shiri guda, da shafin labari guda. In kayan aikin ya nuna maka bayanan ainihin masu amfani na kwana 28 da suka wuce, su za ka fi ba wa nauyi a kan gwajin da aka yi nan take.

Mataki na shida: masu buƙata ta musamman

Ma'aunin da duniya ke bi wajen sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafi shi ne WCAG na ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet. Sigar 2.0 ta fito a 2008, ta 2.1 a 2018, ta 2.2 a Oktoban 2023. Yana da matakai uku, A da AA da AAA, kuma na tsakiyan shi ne wanda dokoki da hukumomi suka fi nema. Akwai kayan aiki irin su WAVE da axe da Lighthouse da ke binciken shafi da kansu. Yi amfani da su, amma wani kaso kawai suke kamawa. Na'ura za ta gaya maka hoto ba shi da bayanin rubutu da ake karanta wa makaho, ba za ta gaya maka bayanin da aka sa shirme ne ba.

Ture linzamin kwamfuta gefe, ka yi duk ayyukanka da maɓallan Tab da Enter da Esc da dogon maɓallin tazara. Kana ganin inda kake a kowane lokaci? Kana iya kunna bidiyo, ka dakatar, ka ƙara murya, ka kunna rubutun magana? Kana iya fita daga tagar bidiyon, ko ka faɗa rijiya? Daga nan ka ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 cikin ɗari, ka gani ko wani abu ya hau kan wani. Jadawali ne ya fi faɗuwa a wannan gwaji.

Bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kamata ya kai 4.5 zuwa 1 ga ƙaramin rubutu, 3 zuwa 1 ga babba. Shafukan talabijin suna son ɗora farin rubutu a kan hoton shiri, yau hoton dare ne rubutun ya fito, gobe hoton farin gajimare ne ya ɓace. Maɓallai kuma sigar 2.2 ta ce kada su gaza fiksel 24 (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoton allo) a tsaye da a kwance, sai in akwai isasshiyar tazara a tsakaninsu. Gwada ɗan maɓallin rufe sanarwa da babban yatsa kana tafiya.

Kunna manhajar karanta allo, TalkBack a Android, VoiceOver a kayan Apple, ko NVDA a Windows wadda kyauta ce. Rufe ido ka nemi kallon kai tsaye. Idan abin da kake ji "maɓalli, maɓalli, maɓalli" ne ba suna, to haka makaho ke ji kullum. Bidiyon da ke tashi da sauti da kansa ya fi cutar da shi, domin yana danne muryar da ke yi masa jagora. Ƙa'idar ta ce duk sautin da ya tashi da kansa ya wuce daƙiƙa uku, dole a samu hanyar tsayar da shi.

Rubutun magana da ke fitowa a ƙasan allo shi ne inda gidan talabijin ke nuna ko da gaske yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 430 ne ke da matsalar ji mai tsanani, ban da ɗimbin masu kallo a wurin hayaniya ko kusa da mai barci. Kashe sauti ka kalli minti biyar na labarai, minti biyar na wasan kwaikwayo, minti biyar na muhawara. Rubutun yana tafiya tare da baki ko yana biyo baya? Sunayen mutane da lambobi daidai suke? In mutum uku na gardama, ana gane wa ya ce me? Ana rubuta ƙarar ƙofa ko kukan jariri idan labarin ya rataya a kansu? Rubutun yana rufe sunan baƙon da aka sa a ƙasan hoto? Ka kuma ɗauki shirye-shirye ashirin barkatai ka ƙirga nawa ne ke da rubutun, domin sau da yawa shirin da aka nuna da shi a talabijin yakan iso intanet babu. Bayan haka ka nemi bayanin murya na makafi, wanda ke faɗin abin da ke faruwa a hoto, da fassarar maganar hannu, ka ga ko akwai wurin da aka tara shirye-shiryen da ke da su.

Walƙiya kuma kada ta wuce sau uku a daƙiƙa ɗaya. Wannan doka da dalilinta: a Disamban 1997 wani shirin zane mai motsi a Japan ya sa aka kwashi yara sama da 600 zuwa asibiti saboda walƙiyar ja da shuɗi.

Mataki na bakwai: rajista, sirri, yara da ƙorafi

In shafin yana tilasta rajista kafin kallo, ƙirga tambayoyin da yake yi, ka tambayi kanka wacce ce ba a buƙata. Duba allon neman izinin kukis, wato 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a na'urarka don ya riƙa gane ka: ƙin yarda yana da sauƙi kamar yarda, ko an ɓoye shi bayan latsawa huɗu? A Tarayyar Turai dokar GDPR ta kare bayanan mutane ta fara aiki a Mayun 2018, a Amurka kuma dokar COPPA ta taƙaita tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13. Ka san dokar ƙasar da gidan yake kafin ka rubuta hukunci.

A sashen yara ka zauna da tunanin ɗan shekara huɗu. Hotuna ne ke jagora ko rubutu? Latsawa nawa ce tsakanin zanen yara da labarin yaƙi? Daga nan ka nemi shafin ƙorafi daga shafin farko, kana riƙe da agogo. Ka duba ko labarai na ɗauke da kwanan wata, da ko gidan yana nuna gyara idan ya yi kuskure.

Mataki na takwas: zaunar da mutane

Duk abin da ka yi zuwa yanzu hasashen masani ne. Gani ya kori ji. A shekarar 2000 Nielsen ya nuna, bisa lissafin da suka yi da abokin bincikensa Tom Landauer, cewa mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Mutane suna riƙe lambar su manta sharaɗinta: biyar ɗin masu kama da juna ne. Gidan jama'a yana da masu kallo iri-iri, don haka ka nemi uku zuwa biyar daga kowane rukuni mai muhimmanci, dattawa, iyaye, matasa, masu amfani da manhajar karanta allo. Kowa ya zo da wayarsa. Ka nemi izini kafin ka ɗauki murya ko allo.

Ka ba da aiki ɗaya bayan ɗaya, ka roƙi mutum ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana yi. Daga nan ka kama bakinka, wanda shi ne mafi wuya a duk aikin.

Na taɓa zama da wani dattijo, tsohon malamin makaranta, a irin wannan gwaji. Na ce, "Baba, ba kai ake jarrabawa ba, shafin ake jarrabawa. Don Allah ka nemo mana labaran daren jiya." Ya gyara tabarau, ya rubuta "labaran jiya" a akwatin bincike. Abin da ya fito a sama rahoto ne na shekara uku da suka wuce. Ya koma baya, ya sami jadawali da kansa, ya ja zuwa jiya, ya ga sunan shirin, ya sa yatsa a kai. Shiru. Ya sake dannawa da ƙarfi, har farcensa ya yi fari. Ya ce, "Yaro, ga sunan ina gani, amma ƙofar a kulle take." Hannuna har ƙaiƙayi yake in nuna masa cewa bidiyon yana wani sashe can daban. Na daure na ce, "Baba, da a gida kake, me za ka yi yanzu?" Ya ce zai ajiye wayar ya jira na yau. Sannan ya ƙara da cewa laifinsa ne, zamani ya wuce shi.

Wannan jimla ta ƙarshe ka saurare ta da kyau, domin za ka ji ta sau da yawa. Mutane suna ɗora wa kansu laifin shafi, kuma a ƙarshen zama za su ce maka komai ya yi kyau don kada su kunyata ka. Abin da hannunsu ya yi za ka rubuta: ya gama aikin ko bai gama ba, minti nawa ya ɗauka, a ina ya fara ɓata, me ya ce a daidai wurin.

In kana son lamba ɗaya da za a kwatanta bana da baɗi, akwai tambayoyi goma na SUS, wani ma'aunin sauƙin amfani da John Brooke ya tsara a 1986. Kowace tambaya wanda ya yi gwajin ne ke amsa ta daga 1 zuwa 5. A tambaya ta 1, 3, 5, 7 da 9 ka cire ɗaya daga amsar. A ta 2, 4, 6, 8 da 10 ka cire amsar daga biyar. Ka tara duka ka ninka da 2.5, sakamakon zai faɗo tsakanin 0 da 100. Matsakaicin da aka saba samu yana wajen 68. Lambar ba kaso cikin ɗari ba ce, kuma da mutum biyar kacal kada ka ɗora mata kaya da yawa.

Mataki na tara: rahoton da za a yi aiki da shi

Rahoto mai matsala tamanin a jere ba wanda zai karanta. Ba wa kowace matsala maki daga 0 zuwa 4 bisa abu uku: mutum nawa take shafa, tana hana aikin gaba ɗaya ko jinkirta shi kawai, kuma sau ɗaya ake cin karo da ita ko kullum. Maki 4 na wadda ke rufe ƙofa ne, kamar tagar bidiyon da makaho ba zai iya kunnawa ba. Maki 1 na abin ado ne. Shafin farko na rahoton ya ɗauki manyan biyar kawai, saura su koma baya.

Kowace matsala ka rubuta ta yadda wanda bai halarci gwajin ba zai iya maimaita ta. "Jadawali yana da ruɗani" ba ta da amfani. Ka ce: a jadawalin waya, sunan shirin da aka riga aka nuna ba ya latsuwa, mutum kaza daga cikin kaza sun danna shi suna neman bidiyo, kaza sun haƙura, shawara, a haɗa kowane suna da bidiyonsa, in babu bidiyon a rubuta dalili. Ka liƙa hoton allo. In kana da guntun bidiyo na daƙiƙa talatin da ke nuna yatsan dattijon nan yana dannawa, ka kunna shi a taron shugabanni kafin ka buɗe baki.

Ka raba matsalolin bisa wanda zai iya gyara su, domin ba duka ne na injiniyoyi ba. Sunan sashe da bayanin shiri na editoci ne. Rubutun maganar da ya ɓace tsakanin talabijin da intanet na masu sarrafa shirye-shirye ne. Wa'adi da toshewar ƙasa na masu kula da yarjejeniyoyi ne, ko da yake rubuta sanarwar a fili aikin mai tsara shafi ne. A gaban kowace matsala ka bar gurbi biyu, na sunan ofishin da ya karɓa da na ranar da ya yi alkawari. Ka kuma faɗi abubuwa biyu ko uku da suka yi kyau, don kada a rushe su garin gyara.

Takardar ayyukan da ka rubuta a mataki na farko ka adana ta tare da wayar gwajin. Bayan wata uku, ko duk ranar da aka ce an sabunta shafin, ka fito da su, ka kira sababbin mutum biyar, ka fara da labaran daren jiya.